Wutar da Rodi Ya Sha Kafin Ya Iso Vinikilang

Sharhinmu na yau a kan ƙarfe yake. Kada wanda ba injiniya ba ya murɗa akwatin rediyonsa ya bar mu, domin ƙarfen da nake nufi shi ne wanda ke kwance cikin dakin a saman kawunanku, kuna barci a ƙarƙashinsa ku da iyalanku.

Duk wanda ya tsallaka gadar Jimeta ya kama hanyar Girei ya san yadda Vinikilang ta bunƙasa. Filayen da ake nomawa a da sun zama unguwanni, musamman tun daga 2014 da rikicin Boko Haram ya koro 'yan'uwanmu daga Mubi da Michika da Madagali. Da yawansu ba su koma ba, sun sayi fili sun kafa harsashi. Ga kuma ma'aikata da malaman Jami'ar Modibbo Adama masu neman kusa da wurin aiki. Ko'ina ka waiwaya tifa ce ke juye yashin Binuwai, ga siminti, ga rodi an jibge a bakin hanya.

Ku lura da yadda mai gida yake sayen kayan gini. Yashi zai damƙa ya murza, ya ji ko akwai laka. Bulo zai ɗaga ya saki, ya ga ko zai farfashe. Siminti zai matsa buhun, ya tabbata bai daskare ba. Amma idan aka zo kan rodi, tambayarsa ɗaya ce: "Alhaji, nawa ne sha biyu?" Sai a faɗa masa kuɗin standad da kuɗin na ƙasa da shi, ya duba aljihunsa ya zaɓa. Alhali cikin duk kayan nan, rodi ne kaɗai idan an binne shi a kankare ba za a sake ganinsa ba sai ranar da ba a fata.

Kankare gwani ne wajen ɗaukar danni, amma rago ne wajen ja. Ƙarfinsa na jure ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa na jure danni ba. Dakin kuwa, da linta, da bim, da zarar nauyi ya hau su sai cikinsu ya so lotsawa, ƙasansu ya shiga miƙewa. Wannan ja shi aka ɗora wa rodi. Kuma abu biyu ake nema a wurinsa: ya ɗauki kaya mai yawa kafin ya fara miƙewa, sannan idan kayan ya fi ƙarfinsa, ya miƙe a hankali, gini ya tsattsage ya yi gargaɗi, mutane su fita. Rodin da ke karyewa farat ɗaya, komai taurinsa, makashi ne.

To daga ina wannan hali yake zuwa? Mafi yawanmu za mu ce daga kauri. Kauri na da nasa rabon, zan zo kansa. Sai dai za a iya samun rodi biyu, kauri ɗaya, nauyi ɗaya, an ma narko su daga tukunya ɗaya, wannan ya ɗauki kaya wancan ya gaza. Abin da ya raba su ya faru ne cikin 'yan mintoci a masana'antar mulmula ƙarfe, lokacin da suke jajur.

Ga yadda abin yake. Ana farawa da dogon dunƙulen ƙarfe mai kusurwa huɗu da ake kira bilet, faɗin kowane gefe kamar milimita 130. A saka shi a tanderu har zafinsa ya kai digiri 1,100 zuwa 1,200 a ma'aunin Salshiyas. Ku tuna, ranar da Yola ta kai 43 a watan Afrilu kowa neman inuwa yake. Daga nan a turo shi tsakanin wasu manyan rola biyu masu juyawa, su matse shi ya sirance ya ƙara tsawo, ya wuce ga na gaba, su ma su matse. Haka zai bi ta tasha goma sha biyar ko fiye, kowace ta fi ta bayanta matsi da sauri. Kafin ya zama rodi mai milimita 12, mita ɗaya ta bilet ta koma kusan mita 150, kuma a tashar ƙarshe gudunsa ya haura mita goma a daƙiƙa ɗaya. Rolar ƙarshen nan ce ke buga masa zanen haƙarƙarin da ke riƙe kankare, ita ce kuma ke buga sunan kamfani.

Wannan shi ne abin da ido yake gani. Wanda ido ba ya gani ya fi shi muhimmanci.

A shekarun 1860, wani Bature a garin Sheffield na Ingila mai suna Henry Sorby ya goge guntun ƙarfe har ya yi sheƙi, ya ɗiga masa ruwan asid, ya leƙa shi da madubin ƙara girma. Sai ya ga ashe ƙarfe ba abu ne guda sumul ba. Tarin ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna, kowace da iyakarta. Duk ilimin ƙarfe na zamani a kan waɗannan ƙwayoyi yake tafiya. Idan ƙarfe ya haura digiri 900 ko kusa da haka, tsarin cikinsa yakan sauya ya koma wani yanayi mai laushi da masana ke kira ostenait, shi ya sa yake yarda a mulmula shi. Rola ta matse shi, ƙwayoyin su baje su miƙe, su cika da gajiya. Amma da yake akwai zafi, ba sa zama a haka. Kafin ya isa tasha ta gaba, cikin abin da wani lokaci bai kai daƙiƙa ba, sababbin ƙwayoyi ƙanana sun tsiro daga iyakokin tsofaffin sun maye gurbinsu. A sake matsewa, a sake samun sababbi da suka fi ƙanƙanta. Kowace tasha haihuwa ce sabuwa.

Matsalar ita ce zafin da ke haifar da su shi ne kuma ke ɓata su. Idan aka bar ƙarfen ya daɗe da zafi, manyan ƙwayoyi sukan cinye ƙanana, a koma gidan jiya. Saboda haka mai masana'anta tsere yake yi da lokaci.

Me ya sa ake son ƙwaya ƙarama? Domin lanƙwasar ƙarfe zamewa ce da ke faruwa a cikin ƙwayoyin, kuma iyakar da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya ita ke tare wannan zamewa. Ƙwayoyi ƙanana, iyakoki da yawa, shinge da yawa. Tsaga ma idan ta taso, duk iyakar da ta tarar sai ta sauya hanya, ƙarfinta ya ragu. Wasu masana biyu a Ingila, Hall a 1951 da Petch a 1953, su suka fitar da lissafin wannan. Kuma a nan daɗin abin yake: kusan duk wata dabarar ƙara wa ƙarfe tauri tana rage masa juriya, ka samu nan ka rasa can. Ƙanƙanta ƙwaya ce take ba ka duka biyun.

Maƙeranmu ba su san Hall da Petch ba, amma hannunsu ya san aikin. A nan jiharmu, a tsaunin Sukur da ke Madagali, wanda hukumar UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, an yi ɗaruruwan shekaru ana narka tama ana fitar da ƙarfe zuwa ƙasashen maƙwabta. Je ka zauna wurin maƙeri yau ka gani. Idonsa na kan launi. Yaro na zuga, ƙarfe ya tashi daga ja ya koma ruwan goro, sai ya ce ya isa, ya cafko shi da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera. Idan yaron ya zarce har ƙarfen ya yi fari yana tartsatsi, zai sha faɗa, domin ƙarfe ya ƙone. Idan kuma jan ya dushe, maƙerin zai ajiye masaba ya mayar da shi wuta, ya san bugun sanyi tsaga yake kawowa. Hausawa sun ce da zafi-zafi ake bugun ƙarfe, gaskiya ne. Sai dai tambayar da ta fi ba injiniyoyi wahala ita ce a wane zafi za a daina bugun, kuma da wane sauri za a bar shi ya huce.

Amsar wannan tambaya ce ta haifar da ƙarafa masu ƙarfi na zamani, irin waɗanda ake yin bututun gas da manyan gadoji da jikin mota da su. Tun daga shekarun 1960 aka gano cewa idan aka zuba ɗan wani ma'adini mai suna niyobiyam, abin da bai kai rabin kilo a tan guda ba, yakan hana sababbin ƙwayoyi tsirowa a tashoshin ƙarshe, inda zafi ya sauko ƙasa da digiri 950 ko makamancin haka. Sai ƙwayoyin su zauna a baje, matsi kan matsi. Da ƙarfen ya fara hucewa, sai ƙwayoyin yanayin sanyi, waɗanda ake kira ferait, su tsiro daga ko'ina a lokaci guda, babu wadda ta sami filin girma. A ƙarshe a sami ƙwayar da faɗinta bai wuce kashi biyar cikin dubu na milimita ba. Wani abin takaici a gefe: niyobiyam daga dutsen kolumbait ake samunsa, kuma a shekarun 1950 filayen kuza na Jos su ne kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Yau kusan kashi tara cikin goma daga Brazil yake fitowa.

Rodin gini kuwa, yawanci ba a kashe masa kuɗin ma'adini. Ruwa ake amfani da shi. Wannan shi ne TMT da kuke ji masu shago suna ambata, dabarar da wata cibiyar bincike a garin Liège na Beljiyam ta fito da irinta a shekarun 1970 da sunan Tempcore. Rodi na fitowa daga rolar ƙarshe da zafin kusan digiri 1,000, sai ya ratsa wani bututu da ake feso masa ruwa da ƙarfi na ɗan ƙiftawar ido. Fatarsa ta huce nan take ta zama wani abu mai tsananin tauri da ake kira matensait, cikinsa kuwa yana nan jajur. Da ya fita daga ruwan, zafin ciki ya dawo waje ya gasa fatar, ya cire mata gautsi ya bar mata ƙarfi. Cikin kuma ya huce a hankali a kan gadon sanyaya, ya zama mai laushi. Sai rodi ya fito kamar rake, ɓawo mai tauri, ciki mai taushi. Ɓawon ke ɗaukar kaya, cikin ke ba shi lanƙwasa. Idan aka yanka shi aka goge bakin aka ɗiga asid, da idonka za ka ga zobe mai duhu ya kewaye tsakiya mai haske. A rodin kirki zoben ya zagaye daidai. A wanda ruwa bai wadace shi ba, zoben ya yanke ta wani gefe, ko babu shi sam.

Yanzu ku biyo ni wurin gini, domin a nan nake da magana da 'yan'uwana masu lanƙwasa rodi da masu walda. Na tsaya a wani gini inda ake fama da rodi mai 20, ya ƙi lanƙwasuwa da hannu. Sai aka kawo wutar gas aka gasa wurin har ya yi ja, yara biyu suka ja, ya tanƙwaru salin-alin. Oga ya ce, "Ka gani? Ba a faɗa da ƙarfe, lallashinsa ake yi." Ni kuwa na ga an kashe rodi. Wannan ɓawo da masana'anta ta yi wa lissafin daƙiƙa, da zarar zafi ya haura digiri 600 ya fara warwarewa, idan ya kai ja kuwa ya tafi, ba ya dawowa. Kuma a ina aka gasa? A gwiwa, daidai inda fila ke haɗuwa da bim, inda aka fi bukatar ƙarfin. Mai walda shi ma yakan haɗa rodi biyu, don sauri ya kwara wa wurin ruwa ya ji "cuu", ya ɗauka ya gama. Abin da ya yi shi ne ya ƙirƙiri matensait ɗanye, marar gashi, mai karyewa ba sallama. Malam mai walda, don Allah bar shi ya huce da kansa. Oga mai lanƙwasa, nemi dogon bututu ka ƙara wa hannunka ƙarfi, ka ajiye wuta.

Wani ɓangaren laifin kuma tun daga tukunya yake. Yawancin rodin da ake yi a ƙasar nan daga tsofaffin ƙarafa ake narko shi. Abin da 'yan bola-jari suke tarawa a Jimeta, tirela ta kwasa ta yi kudu da shi, zuwa masana'antun da ke yankunan Ikorodu da Ogijo da sauransu, shi ne yake dawo mana a matsayin rodi. Wannan ba aibi ba ne. Amurka ma kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙarfenta daga tanderun lantarki yake fitowa, wanda tsohon ƙarfe ne babban abincinsa. Aibin shi ne a zuba komai ba tantancewa ba tacewa. Sifirin ɗin mota da kan inji suna da sinadarin kabon da yawa, alhali rodin kirki ba a so kabon ɗinsa ya wuce kashi 0.25 cikin ɗari, in ya wuce sai ya yi tauri marar juriya, kuma ya ƙi walda. Jan ƙarfen da ke cikin wayoyi da tsofaffin injuna ya fi wannan sharri: ba ya fita a narki, kuma da yake a digiri 1,085 yake narkewa, a cikin tanderu sai ya zama ruwa ya kwanta tsakanin ƙwayoyi a fatar bilet. Rola na matsawa, fatar ta tsattsage. Ƙananan tsagogin da wani lokaci kuke gani a jikin sabon rodi, ɗaya daga cikin sanadinsu ke nan. Ƙasar Sin ta sha wannan matsala har ta gaji, a 2017 ta rufe ƙananan masana'antun da ke narka bola a tukunyar da ba ta tacewa suna yin rodi da ita.

Sai maganar kauri da na yi alkawari. A nan ba a bukatar madubi, sikeli ya isa. Mita ɗaya ta rodi mai 12 nauyinta gram 888 ne. Cikakken tsawonsa mita 12, wato sanda ɗaya ta haura kilo goma da rabi, kuma tan guda bai kamata ya wuce sanda 93 ko 94 ba. Mai 10 gram 617 ne a mita, mai 16 kuwa kilo 1.58. Idan mai shago ya ce maka tan ɗinsa na sha biyu sanda 110 ne, kada ka yi murna ka ce ka sami gyara. Siraran sanduna ya ba ka. Kuma milimita ɗaya ba wasa ba ce: rodi mai 11 da aka sayar da sunan 12 ya rasa kusan kashi 16 cikin ɗari na namansa. Sha biyu na gaskiya yana riƙe fiye da tan biyar kafin ya fara miƙewa, kuma a kan wannan injiniya ya yi lissafinsa. Ka rage kauri, ka haɗa da ƙarfen da bai sha wuta daidai ba, sannan birkila ya rage siminti, kowa ya ɗan ciza kaɗan. Haka gini yake faɗuwa, ba kasafai laifin mutum ɗaya ba ne.

Abin da ke ci mini rai shi ne ƙasar nan ta taɓa ɗaukar hanyar gyara. A zamanin Shugaba Shehu Shagari, a farkon shekarun 1980, aka buɗe masana'antar ƙarfe ta Aladja kusa da Warri don ta riƙa yin bilet, aka kuma gina masana'antun mulmula guda uku a Katsina da Jos da Osogbo, kowace da ƙarfin fitar da kimanin tan 210,000 a shekara. Ta Katsina kamfanin Kobe Steel na Japan ne ya gina ta. Amma bilet ɗin sai ya yi tafiyar fiye da kilomita dubu a mota kafin ya isa Katsina, kuma da Aladja ta fara tangal-tangal sai duka ukun suka shiga yunwa. Daga baya aka sayar da su, ta Katsina ta koma hannun kamfanin Dana. Ajaokuta kuwa, wadda Rashawa suka fara ginawa tun wancan zamani, har yau babban tanderunta bai taɓa narka tamar Itakpe ba, amma a 2022 gwamnati ta amince ta biya dala miliyan 496 don kashe rigimar kwangila a kanta. Ga bututun gas na kilomita 614 da aka ja daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, ya tashi daga ƙofar masana'antar ƙarfe, amma ba ita ta yi ƙarfensa ba. Ni a ganina babbar asarar ba injunan ba ne. Mutanen da aka tura ƙasashen waje suka koyo wannan ilimi na zafi da ƙwaya, suka dawo suka tsufa ba su koya wa kowa a bakin aiki ba, su ne asarar.

Kafin a gyara wancan, mai gini a Vinikilang ba zai zauna jira ba. Ka sa a yanko maka mita ɗaya a ɗora a sikeli kafin ka biya. Ka duba jikin sandar ka ga sunan kamfani da lambar kauri a buge, wanda ba shi da suna ba shi da mai amsa laifinsa. Sannan ka ba mai lanƙwasa guntu ya naɗe shi a sanyi ya dawo da shi kamar ƙugiya, a kan ƙarfen da kaurinsa ya ninka na rodin sau huɗu, ku duba bayan gwiwar. In ka ga tsaga, ko ka ji ƙas, mayar da kayan gaba ɗaya. Jan tsatsa na sama-sama ba ya hana aiki, wanda ke ɓarewa yana zubowa shi ne abin gudu. Mu da muke bakin kogi, muka ga ruwan 2012 da na 2022, sai mu ƙara da tabbatar da cewa kankare ya lulluɓe rodi sosai, musamman a harsashi, kada a kwantar da shi a kan ƙasa a zuba.

Kirana na ƙarshe ga hukumomi ne. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki tana da ma'aunin rodi a rubuce, kuma ta sha rufe masana'antu a kudu. Muna so mu ga jami'anta da sikeli a shagunan rodi na Jimeta, su auna a gaban jama'a. Hukumar tsara birane ta jiha ta daina amincewa da zanen bene ba tare da takardar gwajin rodin da za a yi aikin da shi ba. Jami'ar Modibbo Adama kuma, da ke nan kan hanya ɗaya da mu, tana da sashen injiniya da ɗalibai masu neman abin bincike: su riƙa sayen rodi a kasuwa suna ja suna yankawa, su faɗa wa jama'a abin da suka gani da Hausa da Fulatanci. Mu a nan a shirye muke mu karanta sakamakon.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. Allah Ya tsare mu da gidajenmu, a kasance lafiya.